Asabar Bakwai a Gidan Saje Ishaya

Duk wanda ya bi ta layin gidan Saje Ishaya a Zuru ranar Asabar da la'asar zai ji rurin babura na tashi daga barandarsa, alhali mutumin ya fi shekara goma rabonsa da hawa babur. Baƙo yakan tsaya ya leƙa ta kan katanga. Abin da zai gani tsoho ne dogo, ɗan shekara sittin da shida, zaune a kujerar roba, bayansa a miƙe kamar ana duba fareti. A gabansa akwai tsohuwar talabijin mai ƙeya a kan benci, a ƙarƙashinta wata baƙar na'urar gem, waya ta bi ta taga zuwa batirin sola. Mutanen unguwa sun daina mamaki tuntuni. Idan aka zo nemansa a irin wannan lokaci, maƙwabta kan ce, "Saje yana kan hanya, sai ya sauka."

A wani ƙauye a gindin dutse aka haife shi, gidan manoma. Ya shiga soja yana da shekara ashirin da huɗu, kamar yadda rabin sa'o'insa suka yi. Ya zaga barikoki, ya je Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya, ya dawo da tabo a ƙwauri da akwatin ƙarfe. A hanyar dawowar ce ya ga na'urar a wata kasuwa a Legas, wurin mai kayan gwanjo, ya saya wa ɗansa Aaron, wanda a lokacin yake aji uku na firamare. Kaset ɗaya aka haɗa masa da ita, kuma har yau shi ke nan. Takardar da ke jikin kaset ɗin ta ɗaye tun suna bariki, sunan wasan ya tafi da ita. A gidan ana ce masa tseren kulki.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mahaya goma sha biyar ne a kan babura, a doguwar hanya mai ratsa gonaki da duwatsu, ga motoci na tahowa, ga shanu na tsallakawa, ga ɗan sanda a baya. Ba gudu kaɗai ake yi ba. Wanda ya jera da kai zai kai maka naushi ko shuri, wani da kulki, wani da sarƙa, kuma in ka iya auna lokaci sai ka fizge makamin daga hannunsa. In aka kayar da kai, ɗan mutumin naka zai yi ta mirginawa a kwalta, sannan ya tashi ya ruga da ƙafa zuwa inda babur ɗinsa ya faɗi, ya ɗaga shi, ya ci gaba. Mutum biyu na iya hawa tare. Allon sai ya rabu gida biyu, sama da ƙasa, kowa da abin dannawarsa, wanda yara ke kira hannun gem.

Wannan gudu da ƙafa shi ne ya riƙe Ishaya shekara da shekaru. Bai fi daƙiƙa biyar ba, kuma a cikinsu mai wasa ba shi da abin yi sai jira. Ishaya ya lura cewa a nan ne fuskar mutum take buɗewa. Ya ga kofur mai yawan cika baki ya fara laluben wanda zai ɗora wa laifi. Ya ga wani dattijon ikkilisiya, wanda ba a taɓa jin muryarsa sama da ta kowa ba, ya faɗi sau biyu ya yi wurgi da hannun gem har ya bugi bango. Ya ga ɗansa Aaron, duk sanda aka kayar da shi, yana dariya yana taka ƙafa a ƙasa, wai yana taya ɗan mutumin gudu.

Aaron ya girma ya bi sawun ubansa. A shekarar 2015 aka kawo jakarsa daga arewa maso gabas tare da takardar rasuwarsa. Hannun gem ɗinsa, mai jan salatif a inda ɓera ya taɓa cin wayar, Ishaya ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun teburi. Daga nan shi kaɗai yake hawa, shi da mahayan da ke cikin na'urar. Nasa hannun ya tsufa, maɓallin birki ya mutu, bai gyara ba, bai kuma taɓa na cikin hankicin ba. Ya koyi sakin wuta, wato rage gudu, tun kafin kwana ta zo, har ya haddace hanyoyin kamar hanyar gonarsa.

Haka ake har Dinah, 'yar autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo maganar Abel. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Ribah, siriri, mai tabarau, mai gaisuwa har ƙasa. Kawunnansa suka aiko cewa da an gama yankan dawa za su zo su ji amsar gidan. Saura wata biyu ke nan.

A zamanin Ishaya saurayi ba ya samun mace da gaisuwa. Golmo ake yi: ka kwashi abokanka ka je ka yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina. Shi kansa damina bakwai ya yi a gonar uban matarsa Magdalene kafin a ba shi ita. Da yayyensa suka tambaye shi me zai ɗora wa wannan malami, tunda gonarsa yanzu ba ta kai ta kawo ba kuma yaron yana aji kwana biyar a mako, sai ya ce ya riga ya yanke. Asabar bakwai. Ya zo ya zauna a baranda su yi tseren kulki.

"Baban Aaron, ka tsufa da wasa," in ji Magdalene. "Mutane za su ce mun sayar da 'yarmu a kan talabijin."

"Ke kina tsammanin dawa babanki yake nema a wurina? Rumbunsa uku a cike. So yake ya gan ni da yunwa, ya gan ni rana ta dafa ni, ya ga abin da zai fito."

"To me ya fito?"

"Ga ki nan zaune, shekara arba'in da biyu."

Ta yi tsaki ta ci gaba da tsince wake, amma ba ta ƙara musu ba. Ta ga ya buɗe aljihun teburi ya warware hankicin.

Asabar ta farko Abel ya iso a kan babur, wandonsa ya sha jar ƙasar hanya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya ƙi hawa kujera sai da aka ce masa daga tabarma ba a ganin allon. Ishaya ya miƙa masa hannu mai jan salatif. Ya karɓa da hannu biyu. Aka yi tsere uku. Duk ukun Ishaya ya shiga gaba, Abel na biye da shi da tsawon babur ɗaya.

Ishaya ya ji daɗi a ranar. Asabar ta biyu ma ya ji daɗi, amma kaɗan. A ta uku ya fara ƙirga. Tsere tara, kuma a bakwai daga ciki tazarar ba ta canja ba: tsawon babur ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ya san wasan nan fiye da yadda ya san waƙoƙin coci. Zuwa na biyu da tazara iri ɗaya a kowace hanya ya fi cin tseren wuya. Ya kuma lura da wani abu. Abel yakan kai wa mahayan na'ura duka ba tausayi, ya fizge kulki, ya fizge sarƙa, amma da ya matso kusa da babur ɗin Ishaya sai hannun ɗan mutuminsa ya sauka.

A ta huɗu Ishaya ya gwada shi. Ana tsakiyar hanyar gonaki, ya saki wuta. Abel ma ya saki. Ya ƙara saki, Abel ya ƙara. Ishaya ya ɗage yatsa gaba ɗaya, babur ɗinsa ya gangara ya tsaya cik a tsakiyar titi. A rabin allon na ƙasa, babur ɗin Abel ya yi wata 'yar karkata, ya bi gefen hanya, ya je ya rungumi wata saniya da ke tsaye tana kiwonta. Mahaya goma sha uku suka wuce su fuu. Ɗan sanda ya iso ya kama su duka biyun.

Dinah, da ke leƙe daga ƙofar ɗaki, ta toshe baki ta koma ciki.

"Malam," in ji Ishaya, "me saniyar nan ta yi maka?"

"Ban gan ta ba, Baba."

"Da tabarau?"

Abel ya sunkuyar da kai.

"Yatsanka ciwo yake yi?"

"A'a, Baba."

"To me ya hana ka dukana?"

"Haba Baba. Ni in ɗaga maka kulki?"

"Ba ni ba ne. Zane ne a cikin kwalba."

"Ai kai ke riƙe da shi, Baba. In labari ya kai Ribah cewa na kayar da uban Dinah a kan titi, kawuna ba zai tambaya ko titin na kwalba ba ne."

Ishaya bai yi dariya ba. Sun yi sauran tsere biyun, ya ci, ya kashe na'urar tun rana ba ta yi sanyi ba. Abin ya tsaya masa a rai duk makon. A ganinsa, wanda ya iya ɓoye ƙarfinsa Asabar huɗu a jere yana murmushi zai iya ɓoye wani abin shekara huɗu. Ya yi aiki da irinsu: masu "to, ranka ya daɗe" a gaban hafsa, su koma gida su huce a kan mata. Ba ya cewa Abel haka yake. Cewa yake bai sani ba, kuma dawa ta fara sunkuyar da kai a gonaki. Ɗa ɗaya ya miƙa wa hukuma da hannunsa ba tare da ya san wa zai riƙe shi ba. Ba zai miƙa Dinah ga mutumin da bai taɓa ganin faɗuwarsa ba. In ranar ta zo yana cikin duhu, a'a zai ce, ya kuma san abin da a'ar za ta yi wa 'yarsa.

Asabar ta biyar ba ta canja kome ba. Ishaya ya tsokane shi, ya matse shi a gefen hanya, ya zuba masa kulki har sau huɗu a jere. Abel ya faɗi, ya tashi, ya biyo shi, ya zo na biyu, ya ce, "Baba, hannunka da nauyi," yana murmushi. Faɗuwar da mutum ya shirya wa ba ta nuna kome.

Da baƙon ya tafi, Ishaya ya zauna a tsakar gida yana kallon kaji. Magdalene na ɓarar gyaɗa a faifai.

"Saura biyu," ya ce. "Ban ga kome ba. Kamar mai leƙa rijiya da rana tsaka, fuskata kawai nake gani."

"Damina bakwai ka yi wa babana," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sau nawa ya ce ka ajiye garma ku yi kokawa?"

"Kokawa? Da surukina?"

"To."

Ya juyo ya dube ta.

"Gonarsa ya ba ka," ta ce, "ya koma gindin ɗorawa da tabarsa ya zuba maka ido. Kai kuwa ka kira ɗan mutane ka ce ya zo ya doke ka, sannan kana fushi don yana da tarbiyya. Wane irin golmo ne ake yi da suruki a matsayin abokin gaba?"

 Ishaya ya miƙa hannu ya ɗebi gyaɗa, ta buge hannun.

Ranar Litinin ya shiga kasuwa wurin Anselm. Anselm mutumin kudu maso gabas ne, shekararsa talatin a Zuru yana sayar da wayoyin lantarki da ƙwan fitila, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shi ne likitan na'urar. Sau uku tana mutuwa yana tashe ta, kuma ya sha faɗa wa duk mai saurare cewa a ƙuruciyarsa ba a taɓa kayar da shi a wannan wasa ba.

"Oga Saje! Ta sake suma?"

"Lafiyarta lau. Kai nake nema. Bakin nan naka, yana da yatsu?"

"Ni? Oga, ni na ƙi zuwa gidanka ne don kada in kunyata soja a gaban iyalinsa."

"Ka zo ran Asabar. Ka taho da naka hannun gem."

"In kawo maka sabon maɓallin birki? Shekara nawa ina roƙonka."

"Kada ka kawo. Kada kuma ka ambace shi."

Asabar ta shida Abel ya tarar da kujeru uku a baranda. Bayan gaisuwa, Ishaya ya nuna Anselm da haɓa.

"Malam, wanga ɗan kasuwa ya ce ba namiji a gidan nan. Ni yau ba zan hau ba. Kai za ka hau mini, da babur ɗina, da sunana."

Ya miƙa masa nasa hannun, tsohon, wanda rubutun maɓallansa ya goge. Ya ɗan ji nauyin abin a ransa, don ya san abin da bai faɗa ba. Amma uban Magdalene ma bai taɓa gaya masa inda duwatsu suke a ɓoye a gonar ba. Garma ce ta gaya masa. Ya ja kujerarsa gefe, inda zai ga allon da ido ɗaya, fuskar Abel da ɗayan.

"Wace hanya?" in ji Anselm yana murza yatsu.

"Ta dutse," in ji Ishaya. Ita ce mafi tsawo, kwana a kan kwana.

"Malam, ka yi sallama da ɗalibanka?"

Abel ya gyara tabarau. "Bismilla, Oga Anselm."

Tun daga tashi Ishaya ya ga wani mutum dabam. Kafaɗun Abel suka sauko, ya matso bakin kujera. Ya ratsa mahaya shida kafin a kai gadar farko, ya karɓe kulki a hannun na bakwai kamar mai karɓar alli. Sai ga kwana ta farko, mai lanƙwasa hagu a gefen rami. Ya danna birki. Babur bai san an yi ba. Ya tashi sama da shi ya maka a jikin allon hanya.

Ga daƙiƙa biyar ɗin. Ishaya ya bar allon ya dubi fuskar. Abel ya kalli abin da ke hannunsa, ya danna maɓallin sau biyu da sauri, ya gane. Idonsa ya ɗan zo wajen Ishaya, bai ƙarasa ba, ya koma kan allo. Bai ce kome ba.

A kwana ta biyu ya sake faɗuwa. A ta uku ya saki wuta da wuri, amma ya yi wuri da yawa, mahaya huɗu suka wuce shi, ɗaya ya shure shi ya faɗa cikin ciyawa. A nan ne wata kalma ta C'lela, yarensu, ta kuɓuce masa, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake faɗa wa jakin da ya ƙi tashi. Magdalene, da ta fito da ruwan sha, ta tsaya cak da kofi a hannu. Abel bai ma san ya faɗa ba. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya taru a kan hancinsa. Ishaya ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa. Ashe akwai wuta a gidan.

"Malam, in aiko maka da kabu-kabu?" in ji Anselm daga can gaba. "Ko in jira ka in sha shayi?"

 A kwana ta huɗu Abel ya saki wuta daidai inda Ishaya yake saki, wajen wata bishiya mai reshe ɗaya. Ashe makonni biyar ɗin nan da yake biye da tsohon a baya, kallonsa yake yi. Ta biyar ta wuce lafiya, ta shida ma. Ya fara cin mahaya ɗaya bayan ɗaya, har jan babur ɗin Anselm ya bayyana a gabansa.

Suka jera. Anselm na da sarƙa. Ya kai ɗaya ta samu, ya kai ta biyu ta samu. A ta uku Abel ya kama ta ya fizge, ya mayar masa da ita sau biyu ba ɓata lokaci. Anselm ya yi sama, babur ɗinsa ya yi gaba ba shi.

"Chineke!" in ji Anselm. "Oga Saje, wannan ne ka ce mini malami?"

Amma dukan ya kai Abel gefen hanya, ya ɗan shiga yashi, kafin ya dawo kan kwalta Anselm ya riga ya tashi yana gudu da ƙafa a tsakiyar titi, daidai gabansa. Kowa a barandar ya san dokar wasan. In ka bi ta kan mai gudu da ƙafa, zai sake faɗuwa, tseren ya zama naka. Ga layin ƙarshe ana hangowa. Ga shi ba birki. Abel ya karya kan babur dama, ya kauce wa ɗan mutumin da faɗin tafin hannu, ya je ya daki dutsen gefen hanya.

Anselm ya hau ya ƙarasa na ɗaya. Abel ya ruga da ƙafa, ya ɗaga babur, ya shigo na biyar.

Anselm ya miƙe yana rawa da kafaɗa, ya ce a rubuta a ƙofar gida. Abel ya share hannun gem ɗin da gefen rigarsa, ya miƙa wa Ishaya da hannu biyu.

"Baba, na zubar maka da suna. Ka yi haƙuri."

"Me ya sa ba ka taka shi ba?"

"Yana ƙasa, Baba."

"Ai ka zuba masa sarƙa."

"Lokacin yana kan babur."

Ishaya ya juya abin a hannunsa. "Ba ka da abin cewa game da wannan?"

"Da shi kake hawa kullum."

"Da shi nake hawa, kana tsayawa kana jirana."

Abel ya cire tabarau ya goge. "Ba kullum ba, Baba. Duk sanda muka bi hanyar dutse ban jira ka ba. Na yi iyakar yina in ga ko zan iya jerawa da kai, ban kamo ka ba sai da ka kusa layi. Na yi ta tunanin yaya kake shiga kwana ba ka rage gudu a cikinta. Yau na gane."

Ishaya ya yi gyaran murya, ya ce wa Magdalene ruwan nan na baƙi ne ko na ado. Da ta miƙa wa Abel kofin sai ta ce masa da C'lela, a hankali, kalmar nan ta ɗazu kada ta sake shigowa gidanta. Abel ya rasa inda zai sa fuskarsa. Anselm ya nemi a fassara masa, aka ƙi.

A cikin makon aka fara yankan dawa. Ishaya ya je 'yar gonarsa ya tsaya a kan masu aiki, ya dawo, bai ce wa kowa kome ba. Dinah ta yi ta kallon bakinsa. Ranar Juma'a ta kasa haƙuri ta tambayi uwarta, uwar ta ce, "Ubanki ya sa an ɗaure baƙin bunsurun nan dabam ana ba shi dusa. Ki yi lissafi da kanki."

Asabar ta bakwai kujeru biyu ne a baranda. Ishaya ya bar Abel ya gama gaisuwarsa duka, har da tambayar gajiyar girbi, sannan ya ce, "Ka gaya wa kawunnanka su zo ran Asabar mai zuwa. Su zo da yunwa. Ka ce musu na ba ka."

Abel ya sauka daga kujera ya durƙusa. Ishaya ya bar shi ya ɗan jima a haka, don abin da ake yi ke nan, sannan ya ce ya tashi, golmo bai ƙare ba, saura na yau. Ya miƙa masa hannu mai jan salatif.

Abel ya karɓa, bai danna kome ba. "Baba, Dinah ta gaya mini na wane ne. Tun ranar farko."

"Na san ta gaya maka." Ishaya ya hura ƙasan kaset ɗin, ya danna shi cikin na'urar. "Mai shi bai taɓa jirana a hanya ba. Tun yana aji shida."

Allon ya rabu biyu. Abel ya gyara zama.

"Duka dai ba zan iya ba, Baba. Ko an ɗaura aure ba zan iya ba."

"Na ji."

"Amma wucewa zan wuce."

"In ka isa."

Suka bi hanyar gonaki. Har rabin tafiya Ishaya na gaba. Bayan gada ya ga babur ɗin ya taso ta hagunsa, ya matso, ya jera. Ya kai masa kulki da dukan ƙarfinsa. Abel ya ɗan kwanta gefe, kulkin ya sari iska, ya wuce, bai waiwayo ba. Tazarar ta zama babur ɗaya, ta zama uku, ta zama ƙura.

Daga madafa Magdalene ta ji kujerar roba ta faɗi, ta ji muryar mijinta ta cika gidan, yana cewa saniya ce ta tare shi, kowa ya gani, a sake. Ta tsaya da muciya a hannu tana saurare. Shekara takwas rabonta da jin ya yi wa wani ihu a barandar nan. Dinah ta tashi za ta leƙa, uwar ta riƙe mata zane.

"Bar su," ta ce. "Ƙara ruwa a tukunyar. Ba yanzu za su sauka ba."